Malama Alheri da Launin Bayan Ludayi

Duk wanda ya saba bi ta bayan wata 'yar cibiyar mata da ke Faskari da hantsi ya san abin da zai gani. Wata dattijuwa ce gajeriya, tabarau ɗaure da zare domin ƙafarsa ɗaya ta karye tun tuni, zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ga tarin ludayan duma a gabanta, ga ƙwaryar gero a gefe. Sai ta ɗauki wani tsohon ludayi da ya sha hannu ta cika shi da gero, ta shafe bakinsa da yatsa, ta juye a cikin sabo. In ya cika daidai, ta ajiye shi dama. In bai cika ba, ta sa wuƙa ta rage masa baki. In geron ya zube, ta tura shi hagu, ta ce wannan rabon masu shan fura ne. Kafin ɗalibai su gama taruwa ta auna goma ko sha biyu. Malama Alheri Tanimu ke nan, 'yar Ruwan Godiya, wadda ta ajiye aiki makon jiya bayan shekara talatin da biyar tana koya wa mata girki.

Mu maza, da ba mu san komai a harkar ba sai wanke hannu da miƙa shi cikin kwano, ba za mu gane girman aikinta da sauri ba. Amma a tambayi mata daga Sabuwa har Kankara mene ne Shuɗi, za a sha labari. Ɗan littafin girki ne mai shuɗin bango, shafi arba'in da takwas, wanda ta rubuta da kanta ta kai Funtuwa aka buga. Akwai dambu a ciki, akwai fate, akwai miya iri-iri. Sai dai shafin da ya fi kowanne shan maiƙo da zanen yatsa a kowane gida shi ne na sha biyu, inda kunun yaye yake: gero ludayi shida, waken suya uku, gyaɗa ɗaya. Ƙannen mai wannan rubutu su huɗu, duk da shafin nan aka yaye su.

Ba a ba da Shuɗi shi kaɗai, sai da ludayi. Tun farkon aikinta Malama ta lura kofin kowane gida daban yake, kuma matan ƙauye ba sa girki da agogo. Sai ta karɓo irin duma wajen mahaifinta ta shuka, ta riƙa fafe ludaya tana daidaita su da wancan tsohon, wanda ɗalibai ke kira uwar ludaya. Cikin ludayin ma'auni ne, bayansa ma ma'auni ne, domin a shafi na sha biyu ta rubuta cewa a soya waken har sai ya yi launin bayan ludayi. Waken suya in bai soyu ba yana lalata cikin yaro, wannan kowace ɗalibarta ta haddace shi.

Da yake hayaƙin madafa yana duhunta ludayi, sai ta kafa doka: kowace shekara bayan kaka, mace ta dawo da tsohon ta karɓi sabo, kuma ta zo da yaronta. Mata suna ɗauka tsabar son tsari ne irin na malaman da. Sun daɗe kafin su gane cewa yayin da suke zaɓen ludayi, ita hannun yaron take matsawa, tana buɗe idonsa, tana duba gashin kansa. Yara nawa ta tura asibiti daga wannan tabarma tun tamowa ba ta kwantar da su ba, ita kanta ba ta ƙirga ba.

Sai waya ta shigo madafa.

Kada a yi mata ƙage, Malama ba ta taɓa ƙin waya ba. Kanta ne kawai ya ɗaure. 'Yan mata suka fara zuwa aji suna nuna mata bidiyon girke-girke masu sunayen da harshenta ya ƙi juyawa, da kayan haɗin da ko an kife kasuwar Sheme ba za a samu ba. Takan gyara tabarau ta ƙura wa matar da ke girki a ciki ido, can sai ta ce, "To ita wagga, wa ke ɗanɗana mata gishiri?" Shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro, mata suka yi ta tururuwa neman Shuɗi, har ta ɗauka shari'a ta ƙare, littafi ya yi nasara. Layi na dawowa ajin ya sake raguwa. Ta rasa gane ko ita ce ta tsufa, ko duniyar ce ke sauri ba ta san inda za ta ba.

A farkon shekarar nan Shafa'atu, tsohuwar ɗalibarta wadda aka ɗauka domin ta gaji ajin, ta zo mata da magana.

"Malama, Shuɗi saura guda bakwai. Kuma matan Sabuwa da na ƙauyukan Kankara ba su iya zuwa, kin san halin da hanya take ciki. Ki bari in sa shi cikin waya, in karanta da murya, ko wadda ba ta yi boko ba ta ji."

Malama ta juya maganar, ta ga gaskiya ce. Ta yarda. Suka zauna kwana da kwanaki, Shafa'atu tana shigar da girki ɗaya bayan ɗaya cikin wata manhajar girki, tana kuma turawa zauren mata na waya mai mutum wajen ɗari biyu. Maganar awo ba ta ba su wahala ba, suka ce kowa ta auna da kofin da take da shi, in dai da shi za ta auna duka. Da suka zo suyar wake sai manhajar ta cije. Akwai gurbin lokaci, kuma ba ta wucewa gaba sai an sa mata lamba.

"Ba ta san launi ba, Malama. Minti take so."

"To mi za mu ce mata?"

Suka kunna murhun gas na cibiyar, suka zuba wake a kaskon ƙarfe, Malama na juyawa, Shafa'atu na kallon agogo. Wake ya yi launin bayan ludayi a minti goma cif. Suka maimaita, goma. Malama da bakinta ta ce a rubuta goma, har tana jin daɗi ta koyi abin zamani.

Tsakiyar damina, saura wata uku ta ajiye aiki, Shafa'atu ta shigo da waya a hannu ta kunna mata wani saƙon murya. Muryar yarinya ce, ƙasa-ƙasa.

"Salamu alaikum, Malama. Sunana Bilkisu, daga Pauwa. Yaron gidanmu ne aka yaye, muna ba shi kunun nan na waya, to cikinshi sai kumburi da zawo. An kai shi asibiti an ba shi magani ya tsaya, muna maida mashi kunun sai abin ya dawo. Ban san mi na yi ba daidai ba."

Malama ta sa aka sake kunna saƙon. Ta san wadda ta ce "yaron gidanmu" ɗan farinta take nufi, wanda kunya ba ta barin ta ambaci sunansa, balle ta nuna damuwa a kansa a gaban mutane. In har irin wannan yarinya ta kai ga kai kukanta gaban mata ɗari biyu, to abin ya yi nisa. Aka bincika, sunan yaron Uwais, watansa sha biyar, an cire shi daga nono da wuri domin uwar ta sami wani cikin.

Nan take Malama ta ce a dakatar da kunun. Aka dakatar, zawo ya tsaya. Amma tsakiyar damina ce, rumbu ya yi ƙasa, ba abin da ke gidan sai gero da masara, kuma kunun gero zalla ba ya gina yaro. Kowane saƙo da ya zo daga Pauwa, Uwais ya ƙara ramewa. Kunun da zai tashe shi kuwa shi ne cikinsa ya ƙi.

Kwana tara Malama ta yi tana neman bakin zaren. Ta sake haɗa garin a cibiya kamar yadda waya ta ce, aka dama wa yaran maƙwabta, suka shanye suna neman ƙari, ba wanda ya yi ko tusa. Ta sa Shafa'atu ta karanta mata na waya tana bin na littafi da yatsa, ta ga shida shida ne, uku uku ne. Ta ce Bilkisu ta turo hoton garinta. A wayar Shafa'atu ya fito ja-ja, a ta wata ɗalibar ya fito fari fat, aka rasa wadda za a gaskata. Zauren mata kuwa ya kacame. Wannan ta ce haƙori ne, waccan ta ce ruwan rijiya ne, wata ta ce baki ne a nemi tofi, wata kuma ta turo bidiyon wata baturiya tana dama abin da ba wanda ya san sunansa. Malama ta saurari saƙo sittin a yini ɗaya, ta tashi da ciwon kai, ba ta ƙaru da komai ba.

Abin da ya fi cin ranta wani tunani ne da ya ƙi barinta. Idan fa laifin shafi na sha biyu ne tun asali? Idan fa shekara da shekaru akwai yaran da kunun ya ɓata wa ciki a ƙauyuka, ba waya a lokacin balle labari ya iso ta? Ran Lahadi ta je majami'a ta dawo, aka tambaye ta abin da aka yi wa'azi a kai, ta kasa faɗa. Washegari ta ajiye littattafai bakwai ɗin nan a gaban Shafa'atu.

"Gobe za ni Pauwa. In na dawo ban gano ba, ki yage shafi na sha biyu daga cikin waɗannan, ki goge na waya. Gara a ce ban rubuta komi ba."

"Malama, hanyar nan hwa?"

"Su da ke can ba mutane ba ne? Ki zamna in kina tsoro."

Shafa'atu ba ta zauna ba. Da sassafe suka hau mota ta Sheme zuwa Kankara, daga nan suka nemi abin hawa zuwa Pauwa, kowa a motar bakinsa ɗauke da addu'a. Kafin azahar suna tsakar gidan.

Surukar Bilkisu, Hajiya Dada, ita ta tarbe su, da jikan nata a kafaɗa. "Sannunku da hanya, Malama. Ga angon nawa nan, ya ƙi ci ya ƙi sha, ko ni amaryar tashi bai kallo." Tana wasan ne irin na kaka da jika, amma idonta ya kawo ruwa. Malama ta karɓi yaron ta matsa damtsensa, ta ji fata ce kawai a kan ƙashi. Bilkisu na can bakin madafa, kai a sunkuye, kamar ba ɗanta ake magana a kai ba.

"Ɗiyata," in ji Malama, "haɗa mani garin nan tun daga hwarko. Yi kamar ba ni nan."

Bilkisu ta auna komai daidai, ba kuskure ko ɗaya. Ta jingina wayarta a jikin turmi, ta hura wuta. Itacen jiƙaƙƙe ne, ruwan jiya ya dake shi, hayaƙi ya fi wutar yawa. Kaskon na ƙasa ne, mai kauri, irin wanda sai ya ga dama yake ɗaukar zafi. Ta juye wake ta danna waya, ta shiga juyawa tana share hawayen hayaƙi. Can waya ta yi ƙara. Bilkisu ta sa tsumma ta sauke kasko.

"Mi ya sa kika sauke?"

"Ta yi ƙara, Malama. Minti goma ya cika."

Malama ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna. Gafi ya cika mata baki. Sannan ta buɗe jakarta ta ciro sabon ludayi, ta kifa shi a kan waken. Ko yaro ya ga bambancin: bayan ludayi ruwan ƙasa mai ja-ja, wake kuwa yana nan fari kamar yanzu aka sussuko shi.

Hajiya Dada ta tafa hannu. "Yo ni dai na ce waken nan bai ƙamshi! Aka ce mani waya ta ce ya yi. To ni wa ce da zan yi gardama da waya?"

Aka mayar da kasko. Sai da ya ƙara kusan rabin sa'a kafin wake ya kamo ludayi, ƙamshi ya game gidan. Shafa'atu ta koma gefe tana kuka, tana cewa ita ta jawo. Malama ta daka mata tsawa irin ta aji. "Ke kika kalli wake, ko ni? Ni na ce a rubuta goma. Na auna da murhun gwamnati, na manta da murhun mutane."

A tsakar gidan nan, matar da ba ta taɓa tura saƙon murya ba a rayuwarta ta ce a danna mata. Ta faɗi sunanta, ta ce kuskuren nata ne, duk wadda ta soya wake da minti goma ta zubar wa kaji, ta nemi gafarar iyayen yara. Mata uku suka amsa a ranar, daga Sabuwa da wani ƙauyen Faskari, cewa su ma yaransu haka suke yi, sun yi shiru ne suna zaton haƙori ne.

Shafa'atu ta ce to a ɗauki hoton bayan ludayin a tura, magana ta ƙare. Aka ɗauka. Aka jera wayoyi uku na gidan, ludayi ɗaya ya fito da launi uku. Malama ta duba wannan ta duba wancan, ta cire tabarau ta goge ta sake dubawa, ta ce ita kam abin nan ya fi ƙarfinta. Ta bar wa Bilkisu ludayin suka kamo hanya.

Malama Alheri, ke ce kika shiga motar Kankara ranar da masu ƙarfi ke neman uzuri, saboda ɗan wata da ba ki taɓa gani ba. Ke ce kika yarda a yage aikinki na shekara talatin in dai yaro ɗaya zai tsira. Da kin so, da kin ɗora wa waya laifi, ko ki ɗora wa yarinyar da ta shigar da rubutun, kuma ba mai musa miki. Sai kika ɗauki abinki a ka, a gaban mata ɗari biyu, saura wata uku a yi miki bikin sallama. Mun ga manya da yawa, ba mu cika ganin wannan ba. Uwar ludaya, ta Ruwan Godiya, mai awon da ba ya ƙarya.

Yanzu in aka buɗe kunun yaye a waya, muryar Shafa'atu ce ke cewa a soya waken har ya yi launin bayan ludayin Malama, wadda ba ta da shi kada ta fara, ta aiko a kawo mata. A gurbin lokaci kuwa sun sa lamba ɗaya domin manhajar ta bar su su wuce, suka ce kowa ta yi watsi da ita. Direbobin Sabuwa da Kankara sun saba da ɗaurin ludaya a gaban mota, har suna tsokanar juna da cewa sun koma dillalan duma.

Ranar bikin ajiye aikinta ta faɗo daidai lokacin canjin ludayi, don haka harabar ta cika da mata da yara. Wani baƙo daga cikin masu jawabi ya tambaye ta, bayan duk abin da ta gani, littafi ya fi ko waya. Aka zuba mata ido ana jiran hukunci.

"Wallahi har yau ban gane ba," in ji ta. "Waya ce ta kawo mani kukan yarinyar nan daga Pauwa, Shuɗi bai iya wannan. Waya ce kuma ta sauke kasko wake bai soyu ba. Ku da kuka yi karatu ku raba mana gardama. Ni dai na shuka duma ya fi na bara."

Mun gode, Malama. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin gajiyar hutunki, in har za ki yarda ki huta. Ku kuma masu sa ilimi a waya da masu buga shi a takarda, malamai da ma'aikatan lafiya da na gona, ku yi koyi da ita: bayan kun rubuta, ku taka ku je gidan da ake aiki da abin, ku tsaya a bakin murhu ku gani da idonku. In kun tarar kun yi kuskure, ku faɗa da bakinku tun ba a tambaye ku ba.

Ana shirin tashi sai ga Bilkisu ta keto taro, cikinta ya tsufa, tsohon ludayi a hannu ɗaya. Wata uku kacal ya yi a wajenta, bai isa canji ba, kuma ta sani. Ta durƙusa ta turo wani ɗan yaro gaba, yana tafiya yana tangaɗi, kumatu sun ciko. Har yau ba ta faɗi sunansa ba.

"Malama, ga yaron gidanmu."

Malama ta ajiye takardar yabon da aka ba ta a ƙasa, ta kama damtsen Uwais ta matsa. Ya fizge hannunsa da ƙarfi, ya kwashe ludaya biyu daga tarin ya ruga da gudu.